ƘURAJEN FUSKA: MAFARINSU, MATAKANSU DA MAGANINSU

Darasinmu na kiwon lafiya a wannan karo ya shafi kusan kowane gida mai saurayi ko budurwa.

Idan kaka ta yi, aka cika rumbuna, sai bukukuwan aure su kankama daga Tasawa zuwa Korgom da Maijirgi, daga Mayahi zuwa Kanambakashe. A irin wannan lokaci ne yarinyar da aka sa wa rana take yawan duba madubi. In ta ga ƙuraje a goshi da kumatu, hankalinta ya tashi. Sai a sayar da ƴan tiyoyin wake, a tafi kasuwa wurin mai tallar magani, a sayo man da ya ce zai share fuska cikin mako guda. Mako biyun farko fuska takan yi sumul. Bayan wata biyu ko uku ƙurajen su dawo fiye da na da, tare da baƙin tabon da babu shi tun farko. Garin gyaran gira an rasa ido ke nan.

Don kada haka ta ci gaba da faruwa muka shirya wannan darasi.

1. MENE NE ƘURAJEN FUSKA?

Su ne ƙurajen da ke fitowa a goshi, da kumatu, da haɓa, wani lokaci har ƙirji, da kafaɗu, da gadon baya. Wasu na ce musu ƙurajen balaga, domin sun fi fitowa idan yaro ko yarinya suka fara girma. Likitoci sun ƙiyasta cewa cikin matasa 100 masu shekara 12 zuwa 24, kimanin 85 sukan yi su, kaɗan ko da yawa. Wani babban ƙidayar cututtukan duniya na shekarar 2010 ya sa su a matsayi na takwas cikin cututtukan da suka fi yawa a tsakanin ƴan Adam. Ashe ke nan ɗan Urafan da ɗan Faransa duk ɗaya suke a wannan sha'ani.

Ga yawancin mutane ƙurajen kan ragu da kansu bayan shekara ashirin da ƴan kai. Akwai waɗanda sukan daɗe da su har shekara talatin ko arba'in, musamman mata.

2. YADDA ƘURJI YAKE TSIROWA

Mu dubi fatar fuskarmu da kyau. Za mu ga ƴan ƙananan ƙofofi masu yawa. Kowace ƙofa kamar bakin rijiya take. A ƙarƙashinta akwai saiwar gashi, da wata ƴar jaka da ke yin maiƙo. Wannan maiƙo yana hawowa ta ƙofar, ya bazu a kan fata, ya hana ta bushewa. Amfani ne gare mu.

Abubuwa huɗu ne ke haɗuwa kafin ƙurji ya fito.

Na farko, yawan maiƙo. Lokacin balaga jiki yana ƙara fitar da wani sinadari da ake kira androjen. Shi ne ke sa muryar yaro ta buɗe, gemu ya tsiro. Mata ma suna da shi, sai dai kaɗan. Wannan sinadari yana sa jakunkunan maiƙo su girma, su yi aiki fiye da kima.

Na biyu, toshewar ƙofa. Kullum fata tana zubar da tsohuwar ɓawonta, wadda ido ba ya gani. In wannan ɓawo ya cakuɗe da maiƙo, sai ya toshe ƙofar, kamar yadda rairayi ke cike bakin rijiya.

Na uku, ƙwayar cuta. Akwai wata ƙwaya da ke zaune a fatar kowa, mai ƙuraje da marar su. Masana suna kiranta Cutibacterium acnes, sunan da aka sa mata a shekarar 2016. Abincinta maiƙo ne. Idan ƙofa ta toshe, sai ta sami wurin hayayyafa.

Na huɗu, kumburi. Jiki yakan aiko da mayaƙansa na cikin jini su yaƙi ƙwayar. Daga nan wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya tara mugunya.

3. ABUBUWAN DA KE ƘARA SU

Gado: in uwa ko uba sun yi fama da su ƙwarai, ɗa ma yana iya yi.

Al'adar mata: mata da yawa sukan ga ƙuraje sun ƙaru ƴan kwanaki kafin jinin al'ada, ko lokacin goyon ciki. Wasu alluran tazarar haihuwa ma kan ƙara su ga wasu mata.

Mai mai kauri: da hunturu fata kan bushe, mu yi ta shafa basilin da sauran mai masu nauyi. Ga ƙafa da hannu wannan daidai ne. Amma man kitso da ke gangarowa goshi yana toshe ƙofofin fata. Tun shekarar 1970 likitoci a Amurka suka bayyana irin waɗannan ƙuraje da ke jeruwa a goshi da gefen kai saboda man gashi.

Zafi da gumi: a watannin Afirilu da Mayu zafi a ƙasarmu yakan wuce awo 40. Gumi da gogar hula, ko rawani, ko bakin hijabi mai matse fuska, suna tayar da ƙuraje a inda suke gogawa. Haka igiyar kaya a kafaɗar mai aikin gona.

Baƙin mai: makanikai da masu injin niƙa, waɗanda man inji ke taɓa fatarsu kullum, sukan sami ƙuraje a hannu da cinya.

Wasu magunguna: ƙwayoyin da wasu mata ke sha don su yi ƙiba, irin su deksametazon, suna fesar da ƙuraje a fuska da ƙirji, ban da hawan jini da ciwon sukari da suke iya jawowa. Wasu magungunan tarin fuka da na farfaɗiya ma kan kawo ƙuraje. To amma a kiyaye: wanda likita ya ɗora bisa maganin tarin fuka ko na farfaɗiya, kada ya daina sha saboda ƙuraje. Ya koma ya gaya wa likitan.

Damuwa da rashin barci: ba su ne mafari ba, amma suna tsananta abin.

4. MAGANGANUN DA BA SU DA TUSHE

Ana cewa ƙazanta ce ke kawo su. Ba haka ba ne. Baƙin kan da muke gani a bakin wasu ƙuraje maiƙo ne da iska ta taɓa ya yi duhu, kamar yadda goro ke sauya launi in an fasa shi. Yawan dirza da soso ƙara kumburi yake yi.

Ana cewa ana ɗaukarsu. Ba a ɗauka. Cin abinci a ƙwarya ɗaya da mai ƙuraje, ko kwana ɗaki ɗaya da shi, ba ya sa wa kowa.

Ana cewa aure ne maganinsu. Aure ba ya warkar da su. Shekaru ne ke rage su, kuma sau da yawa lokacin aure da lokacin raguwarsu kan zo tare. Kada ƙuraje su zama dalilin gaggauta aurar da yarinya, ko zarginta da wani abu.

Ana cewa gyaɗa da ƙuli-ƙuli ne. Bincike bai tabbatar da haka ba. Abin da aka gani shi ne yawan sukari, da lemun kwalba, da alewa, da abincin farar fulawa na iya ƙara ƙuraje ga wasu mutane. An ga alamar haka game da yawan shan madara ma, amma ƙaramar alama ce. Saboda haka kada a hana yaro mai tasowa fura da nono. Jikinsa yana bukatarsu. A rage sukari, a ƙara ganye irin su zogale da kayan lambu.

5. MATAKAI UKU

Kafin a nemi magani, a san matakin da ake ciki. Mu tsaya gaban madubi da rana, mu ƙirga. Ga wani ma'auni da likitoci ke amfani da shi:

Mataki na ɗaya, mai sauƙi. Ƙananan ƙuraje masu farin kai ko baƙin kai, kamar ƙwayar gero, ba su da zafi. Masu kumburi kaɗan ne. Jimillarsu ba ta kai 30 ba.

Mataki na biyu, matsakaici. Ƙuraje masu kumburi sun yi yawa, wasu da mugunya a kai, suna zafi in an taɓa. Jimillarsu daga 30 zuwa 125. Sukan sauka ƙirji da baya. Suna barin baƙin tabo.

Mataki na uku, mai tsanani. Manyan ƙullutai masu zurfi cikin fata, kamar ƙwayar gurjiya ko fiye, masu ciwo ko ba a taɓa ba. In irin waɗannan sun wuce 5, ko jimillar ƙuraje ta wuce 125, an shiga wannan mataki. Wani lokaci sukan haɗe da juna ta ƙarƙashin fata, su riƙa zubar da mugunya. Wannan mataki ya fi kama samari, kuma shi ne ke barin ramuka.

Akwai abin da ƙirga ba ta nunawa. Yarinyar da ta daina zuwa makaranta ko dandali saboda kunyar fuskarta, ko saurayin da ya ƙaurace wa abokansa, suna bukatar taimako ko da ƙurajensu goma ne kacal.

6. TABO YA FI ƘURJI DAƊEWA

Wannan shi ne abin da muke so kowa ya riƙe. Ƙurji ɗaya yakan yi mako ɗaya ko biyu ya baje. Amma a fata irin tamu, duk inda kumburi ya sauka yakan bar baƙin tabo. Wannan tabo yakan ɗauki wata 6 zuwa shekara guda kafin ya dushe, wani ma ya fi haka. Rana tana ƙara masa duhu. Ramin da babban ƙurji ya bari kuwa ba ya cikewa da kansa. Wasu mutane jikinsu yakan yi tudun tabo mai kauri a ƙirji, ko haɓa, ko ƙeya, wanda ke ci gaba da girma.

Babban abin da ke jawo tabo shi ne matsa ƙurji da farce, ko tsire shi da ƙaya, ko allura, ko reza. In mun matsa, kaɗan ne ke fitowa waje. Saura ciki yake fashewa, ya bazu.

Akwai haɗari na musamman ga ƙurjin da ya fito a kan hanci, ko tsakanin hanci da leɓen sama. Jijiyoyin jinin wannan wuri suna da hanya zuwa cikin kai. Matsa shi na iya tura ƙwayar cuta can ciki. Abin ba ya yawan faruwa, amma in ya faru yana iya kisa.

7. MAN ƘARA HASKEN FATA

Yawancin man da ake tallarsu da sunan share ƙuraje da ƙara haske suna ɗauke da ɗaya daga cikin abubuwa uku: kortizon mai ƙarfi, irin su kilobetazol da betametazon, ko idirokinon, ko zaiba.

Kortizon yana kwantar da kumburi nan take. Shi ya sa mai shafawa take murna a makon farko. Amma yana kashe ƙarfin fata. Bayan ƴan watanni ƙuraje masu kama da juna su feso gaba ɗaya. Fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito a hannu da cinya, gashi ya tsiro a fuska. Makero da ƙazuwa su sami wurin zama. In ana shafa shi a jiki duka na tsawon lokaci, yana shiga jini, ya jawo hawan jini ko ciwon sukari. Idirokinon in an daɗe ana shafawa yakan bar baƙi-baƙi mai shuɗi a kumatu, wanda ke da wuyar magani ƙwarai. Zaiba kuwa tana lalata ƙoda, tana kuma cutar da jaririn da ke ciki.

A shekarar 2003 likitocin fata a Dakar ta ƙasar Senegal sun bayyana sakamakon binciken da suka yi kan matan da ke shafa irin waɗannan mai, inda ƙurajen fuska suka fito cikin manyan cututtukan da suka gani. Ƙasar Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mai a 2015, Ruwanda kuma a 2018. Yarjejeniyar Minamata, wadda ƙasashen duniya suka amince da ita a 2013, ta ɗauki matakin hana sa zaiba cikin kayan kwalliya.

Wadda ta riga ta daɗe tana shafa mai kortizon, in ta bari rana ɗaya fuskarta na iya yin zafi da ƙaiƙayi, ƙuraje su ƙaru. Wannan ne ke mayar da mata da yawa ga man. Abin yi shi ne ta ɗauki kwalin man ta kai wa ma'aikacin lafiya, ya tsara mata yadda za ta rage shi sannu a hankali.

8. KULAWA A GIDA

Wannan ya shafi dukan matakai uku:

a) A wanke fuska sau 2 a rana, safe da dare, da kuma bayan an yi gumi a gona. A yi da tafin hannu da sabulu marar kaifi. Ban da soso, ban da sabulun wankin tufafi.

b) A goge da ƙyalle mai tsabta, na mutum shi kaɗai. A dinga wanke ɗankwali, da hijabi, da hula, da rigar matashin kai.

c) Man kitso ya tsaya a gashi. A wanke hoda da sauran kwalliya kafin a kwanta.

d) Kada a shafa lemun tsami, ko toka, ko kanwa, ko tafarnuwa, ko man goge haƙora. Suna ƙona fata, ƙuna kuwa baƙin tabo take bari.

e) Mai zuwa gona ya sa malfa, don kada rana ta ƙara wa tabo duhu.

f) Wurin aski, kowa ya je da sabuwar rezarsa, kuma kada a bi ta kan ƙurji.

g) A cire hannu daga fuska.

9. MAGANIN ASIBITI

Ga mataki na ɗaya, maganin shafawa ya isa. Akwai benzoyil feroksid, mai ƙarfin kashi 2,5 ko 5 cikin ɗari, wanda ke kashe ƙwayar cutar. Yana cinye launin tufafi, don haka a kiyaye zane da matashin kai. Akwai kuma adafalen, mai buɗe ƙofofin da suka toshe. Da dare ake shafa shi. Gwargwadon ƙwayar wake ɗaya ya isa fuska duka. A shafa a duk wurin da ƙuraje ke fitowa, domin aikinsa hana sababbi tsirowa ne. A makonnin farko fata takan bushe, ta ɗan yi zafi. In haka ta faru a dinga tsallake dare ɗaya har fata ta saba. Akwai kuma asid azelayik, wanda ke taimakawa wajen dusar da baƙin tabo.

Ga mataki na biyu, likita yakan ƙara da ƙwayar sha, galibi doksisiklin, na kimanin wata 3, tare da maganin shafawa. A haɗiye ta da cikakken kofin ruwa, kuma kada a kwanta nan da nan. Ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba. Kada mu sayi kafso a kasuwa mu sha kwana uku mu bari. Yin haka yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ranar da babbar cuta ta zo maganin ya ƙi aiki. Ga wasu mata likita kan zaɓi wani nau'in ƙwayar tazarar haihuwa da ke rage maiƙon fata.

Ga mataki na uku, sai likitan fata. Akwai magani mai ƙarfi da ake kira isotiretinoyin, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 1982. Yana warkar da mafi yawan masu ƙuraje masu tsanani cikin ƴan watanni. Amma yana nakasa jariri a ciki, nakasa mai muni. Ba a shansa sai ƙarƙashin kulawar likita, tare da gwajin ciki da hanyar hana ɗaukar ciki tabbatacciya. Wanda aka rubuta wa kada ya ba kowa ko ƙwaya ɗaya.

GARGAƊI GA MATA: mai ciki, da mai neman ciki, da mai shayarwa su faɗa wa ma'aikacin lafiya halin da suke ciki kafin ya rubuta magani. Doksisiklin, da adafalen, da isotiretinoyin duk ba na mai ciki ba ne. Amaryar da ake shirin kai wa ɗakinta ita ma ta faɗa.

Sai batun haƙuri. Ba wanda ke shuka gero yau ya je da lauje bayan mako guda. Wata uku ake jira. Haka maganin ƙuraje yake. Ana fara ganin sauƙi bayan mako 6 zuwa 8, cikakken amfani kuwa sai wajen mako 12. Duk man da ya share fuska cikin kwana bakwai abin tuhuma ne. Wadda za a yi bikinta da kaka, tun farkon damina ya kamata ta fara magani.

10. INA ZA A JE, KUMA YAUSHE?

A fara da cibiyar kiwon lafiya mafi kusa, wato CSI. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura mutum asibitin gunduma a Tasawa ko a Mayahi, daga can kuma zuwa Maraɗi. A sayi magani a farmasi, da takardar likita.

A je asibiti idan:

- ƙuraje sun kai mataki na biyu ko na uku;
- an yi wata 3 ana kulawa a gida ba sauƙi;
- tabo ko rami sun fara bayyana;
- mace tana da ƙuraje tare da gashin gemu da rikicewar al'ada, domin wannan na iya zama alamar matsala a ƙwan mahaifa, wadda ke jinkirta haihuwa;
- damuwa ta hana mutum barci ko shiga jama'a.

A je a ranar, ba jira, idan ƙurjin hanci ko na leɓe ya sa fuska ko ido sun kumbura, tare da zazzaɓi ko ciwon kai mai tsanani. Haka kuma in ƙuraje sun feso a jiki duka farat ɗaya tare da zazzaɓi. Waɗannan ba ƙurajen balaga ba ne. Suna iya zama ƙarambau, ko ƙyanda, ko wata cuta mai yaɗuwa.

Jariri sabon haihuwa ma yakan yi ƴan ƙuraje a kumatu cikin makonnin farko. Sukan baje da kansu. Kada a shafa masa kome. In yana zazzaɓi ko ya ƙi mama, a kai shi asibiti.

11. KIRA GA IYAYE

Iyaye mata, ku ne kuka fi sanin abin da ke cikin kwandon kwalliyar ƴaƴanku. Ku duba. Iyaye maza, kuɗin da za a kashe kan kwalaben mai biyar na kasuwa, gara a kai su asibiti sau ɗaya. Samari masu neman aure, ku ma da hannunku a ciki. Muddin kuna yabon farar fata kuna kushe baƙa, ƴan mata ba za su daina shafe-shafe ba. Mu daina yi wa mai ƙuraje ba'a. Yawancinmu mun bi ta wannan hanya, mun kuma wuce.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Waɗanne abubuwa huɗu ne ke haɗuwa su haifar da ƙurji?
2. Mutum ya ƙirga ƙuraje 45 a fuskarsa, wasu da mugunya. A wane mataki yake?
3. Me ya sa bai kamata a matsa ƙurjin da ke kan hanci ba?
4. Mako nawa ake yi kafin a ga cikakken amfanin magani? Wata nawa ke nan?
5. Waɗanne magunguna uku ne aka hana mai ciki?

Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.